Sharhi kan samfurin kwali na jirgin yaƙin Japan, Mitsubishi A6M2 Zero, a ma'aunin 1:33

Samfurin da wannan sharhi ya shafa yana zuwa ne a siffar littafi mai girman A4, bugun ƙasar Folan, wanda aka buga dukkan sassan jirgin yaƙin Japan mai suna Mitsubishi A6M2 Zero, nau'i na 21, a shafukansa masu kauri, domin mai saye ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa, ya manna, har su tashi su zama jirgi. Ma'auninsa 1:33 ne, kuma da yake faɗin fukafukan A6M2 mita 12 ne, tsawonsa kuwa ya ɗan haura mita 9, abin da zai tsaya a kan tebur bayan an kammala yana da faɗin santimita 36 da 'yan kai, da tsawon kusan santimita 27 da rabi. Wanda ya saba da samfuran roba na 1:48 ko 1:72 zai ga wannan ma'auni baƙo, amma shi ne abin da masu samfurin kwali na Folan suka gada, ƙasar da mujallar samfuran kwali ta Mały Modelarz take fitowa a cikinta tun 1957, kuma akasarin jiragen saman da ake bugawa a can a kan wannan ma'auni suke. Hukuncina tun daga farko shi ne, zanen sassan ya cancanci yabo ƙwarai, bugun launin yana da kyau in ban da wuri ɗaya, bayanin yadda za a haɗa kuwa bai kai darajar sauran aikin ba, kuma saboda wannan na ƙarshe ne ba zan miƙa littafin ga wanda bai taɓa haɗa samfurin kwali ba.

Kafin a auna samfurin ya kamata a san jirgin da yake kwaikwaya, domin yawancin abin da ya sa aikin ya yi sauƙi ko ya yi wuya daga ƙirar asali ya samo tushe. A 1937 rundunar sojan ruwan Japan ta nemi jirgin yaƙi da zai tashi daga kan jirgin ruwa, ya yi gudun kilomita 500 a awa, ya ɗauki igwa biyu masu bakin milimita 20, ya kuma iya daɗewa a sama domin rakiyar jiragen jefa bom zuwa nesa. Kamfanin Nakajima ya duba sharuɗɗan ya janye jiki, yana ganin ba za a iya cika su ba, shi kuwa Mitsubishi ya ci gaba ƙarƙashin injiniya Jiro Horikoshi, wanda ya fahimci cewa da irin injin da ake da shi a lokacin babu wata mafita sai rage nauyi ta kowace fuska. Aka yi ƙashin bayan fiffike da wani sabon gaurayen alminiyam na kamfanin Sumitomo, aka huda ramuka a duk ƙarfen da zai jure hudawa, har da kujerar matuƙi, aka kuma bar jirgin babu sulken da zai kare mai tuƙa shi, babu tankin mai mai toshe kansa idan harsashi ya ratsa shi. Jirgin gwaji ya fara tashi ranar 1 ga Afrilu 1939, bayan an ɗauke shi daga masana'antar Nagoya zuwa filin jirgi na Kagamigahara a kan amalanken shanu, aka kuma karɓe shi aiki a 1940, wadda ta zo daidai da shekara ta 2600 a lissafin masarautar Japan, sifirin ƙarshe ya zama sunansa, wato Zero. Ya fara gwabzawa a sararin Chongqing na ƙasar Sin ranar 13 ga Satumba 1940, kuma nau'i na 21, wanda bakin fukafukansa ke naɗewa santimita 50 a kowane gefe domin ya shiga lif ɗin jirgin ruwa, shi ne ya raka harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, a yaƙin duniya na biyu. Littafin ya zaɓi ɗaya daga cikin jiragen da suka tashi daga jirgin ruwa Akagi a wannan rana, mai jan layi guda zagaye da gangar jiki da haruffan AI a wutsiya.

Ma'aunin da nake auna kowane samfurin kwali da shi guda ne, kuma daga halin takarda ya fito. Takarda tana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya kawai a lokaci guda: za ta zama bututu, za ta zama mazurari, amma duk wanda ya gwada naɗe ƙwallo da ita ya san sai ta yamutse. Jirgin sama kuwa cike yake da wuraren da suka lanƙwasa ta fuska biyu, don haka aikin mai zanen samfuri shi ne ya yanka waɗannan wurare gaɓa gaɓa, kowace gaɓa ta zama yankin mazurari, ta yadda idan aka jera su ido zai ɗauka lanƙwasa ɗaya ce mai santsi. Idan gaɓoɓin sun yi kaɗan jirgin zai fito da kusurwoyi, idan sun yi yawa mahaɗai za su cika jikinsa. Zero ya fi jirage da dama dacewa da wannan hanya, saboda injinsa mai zagaye ne kuma gangar jikinsa tana sirancewa a hankali zuwa wutsiya ba tare da wani tudu ko kwari na ba-zata ba. Duk da haka yana da wuraren da suke gwada mai zane, wato leɓen murfin inji, da mayafin da ya rufe gindin fiffike, da rumfar gilashin matuƙi, kuma a waɗannan wurare ne darajar littafin take bayyana ko take faɗuwa.

Takardar kanta mai kyau ce. Ba ta da sheƙi, tana shan gam ba tare da ta kumbura ba, kuma idan aka naɗa ta a kan sanda siririya ba ta rabewa gida biyu kamar yadda kwali mai arha yake yi. An buga ƙananan sassan da za a naɗe sosai, irin bakin bindiga da sandunan ƙafafu, a kan takarda mai laushi dabam, wanda ya nuna cewa mai zanen ya haɗa abin da hannunsa kafin ya kai shi maɗaba'a. Layukan yanka sirara ne, kuma launi ya ɗan zarce su, saboda haka idan wuƙa ta kauce da kaurin gashi ba za a ga fari a bakin sashe ba. An kuma bar 'yan filaye na kowane launi a gefen shafi domin faci, abin da ba kowane mawallafi ne yake tunawa da shi ba.

Batun launi shi ne inda masu sha'awar wannan jirgi suka fi jayayya, kuma littafin ya tsaya a ɓangaren da ya fi hujja. An daɗe ana zana Zero na farkon yaƙi da fari ko toka mai haske, amma binciken da aka yi a kan tarkacen jiragen da suka rage ya nuna fentin toka ne mai ratsin kore da ruwan ƙasa, mai ɗan sheƙi, kuma shi aka buga a nan. Murfin injin baƙi ne mai sirkin shuɗi, kamar yadda Mitsubishi yake fentawa, jan da'irar tutar Japan kuwa ja ne mai duhu wanda bai yi kama da na alewa ba. An zana layukan faranti da jerin ƙusoshi da tawada mai sanyi, wanda ya dace, domin ƙusoshin Zero a shafe suke da fatar jirgin, ba sa tasowa. Na ji daɗin cewa ba a cika shi da zanen tsufa da ɓarewar fenti ba, tun da jiragen da suka je Pearl Harbor sababbi ne da ake kula da su sosai, kuma ɓararren fentin da aka saba gani a hotuna na ƙarshen yaƙi ne, lokacin da aka koma fenta bayan jiragen da kore mai duhu. Wurin da na ga an kauce shi ne ramukan tayoyi, waɗanda aka buga da shuɗi mai kore irin na man kariyar da Japanawa suke shafa wa cikin jirgi. Masu bincike sun nuna cewa wannan al'adar Nakajima ce, kamfanin da daga baya ya ƙera Zero fiye da Mitsubishi kansa cikin sama da 10,000 da aka yi, alhali jiragen Mitsubishi launin jikinsu ake shafa wa ramukan. Gyaran ba shi da wuya ga mai buroshi da fentin ruwa, amma mai sayen samfurin da aka riga aka buga da launi yana da haƙƙin ya sa ran ba sai ya yi fenti ba.

Aikin yana farawa ne daga mazaunin matuƙi, kuma a nan mai zanen bai yi rowa ba. Akwai kujera da ramukanta, waɗanda za a iya barinsu a zane ko a huda su da gaske, akwai sandar tuƙi, da matakan ƙafa, da akwatunan rediyo a bangon dama, da gindin bindigogi biyu masu bakin milimita 7.7 da suka leƙo cikin mazaunin ta gefen allon agogo, kamar yadda suke a jirgin asali. Allon agogon hawa biyu ne: ana huda da'irori a na sama, a shimfiɗa 'yar roba mai haske, sannan a manna na ƙasa mai ɗauke da fuskokin agogon, sai su riƙa ɗaukar haske kamar gilashi. Rabin wannan wahala zai ɓuya da zarar an rufe gangar jiki, kuma mai haɗawa ne zai yanke wa kansa ko ya yi ta ko ya tsallake, domin littafin ya ba da sauƙaƙan sassa a madadin masu wuya a wurare da dama.

Abin da ya fi kowane sashe muhimmanci shi ne ƙwarangwal, ko da yake babu mai ganinsa a ƙarshe. Fayafayan da suke ba gangar jiki siffarta, da haƙarƙarin fiffike, da ƙashin bayansa, an buga su ne a kan takarda siririya, sai mai haɗawa ya manna su a kan kwali mai kaurin milimita 1 ya yanke. A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, saboda an lissafa tsawon kowace fata a kan zagayen faifanta daidai wa daida, kuma idan kwalin ya fi kauri, ko aka yanka ta wajen layi maimakon ta tsakiyarsa, fatar ba za ta haɗu a ƙarƙashin ciki ba, idan kuma aka rage faifan fiye da kima fatar za ta yi masa yawa ta lotsa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara naɗe fatar a manna bakinta ta zama zobe, sannan a riƙa goge gefen faifan da samfefa kaɗan kaɗan ana gwadawa, har ya shiga da ɗan matsi ba tare da ya bar shaida a waje ba. Ana sayar da waɗannan sassa dabam waɗanda aka riga aka yanka da na'urar leza mai yanka da haske, kuma ina ganin sun cancanci kuɗinsu, domin yankan kwali mai kauri da hannu yana cin kaifin wuƙa da haƙurin mutum, kuma wuƙar tana son karkacewa ta bar gefe a jirkice. Ko da an sayi na leza, gwajin nan na shiga da fita bai faɗi ba.

Naɗin fata shi ne inda hannu yake koyon aikin. Ana ɗora sashen a kife a kan abu mai ɗan laushi, a ɗauki sanda mai santsi a riƙa murza ta a kansa daga tsakiya zuwa gefe, ana ƙara matsi a inda lanƙwasar ta fi tsanani, har takardar ta ɗauki siffar da kanta ta tsaya a haka ba tare da an riƙe ta ba. Sai ta kai wannan matsayi ake kawo gam, kuma ɗan kaɗan ne a bakin tsinke, domin farin gam ruwa ne a cikinsa, kuma ruwa yana sa takarda ta miƙe ta yi tudu. Kafin mannawa ana bi farin bakin da wuƙa ta bari da fentin ruwa ko alƙalami mai launin sashen, daga bayan takardar, don kada tawada ta malalo fuska. Wannan ɗan aiki na shafa baki shi ne ya fi raba samfurin da aka yi da kulawa da wanda aka yi da gaggawa, kuma littafin bai ambace shi ko sau ɗaya ba. Mai zanen ya haɗa gaɓoɓin da ziri na takarda da ake mannawa ta ciki, ta yadda bakin gaɓa yake haɗuwa da bakin 'yar'uwarta ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, kuma ya sa mahaɗan sun faɗa a kan layukan farantin jirgin na gaske a duk inda hakan ya yiwu. Sakamakon shi ne daga bayan mazaunin matuƙi har wutsiya sai an matso kusa sosai kafin a gane inda aka haɗa, kuma jan layin Akagi ya zagayo ya sadu da kansa ba tare da ya goce ba.

Fiffiken an gina shi a kan ƙashin baya guda da ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan, wanda ya yi daidai da jirgin asali, inda fiffike da tsakiyar gangar jiki abu ɗaya ne da ba ya rabuwa. Amfanin wannan ga mai haɗawa babba ne, domin ɗagowar fukafukan sama an riga an yanke ta a jikin ƙashin bayan, ba sai an auna ta da ido ba. Haɗarin da ke nan shi ne murɗewa: idan aka manna fatar sama da ta ƙasa a bakin baya alhali ɗaya ta ɗan ja gaba, fiffiken zai murɗe, kuma babu gyara bayan gam ya kama. Shawarata ita ce kada a shafa gam a kan haƙarƙari ko kaɗan, a bar fatar ta kwanta a kansu kawai, a manna ta a gindi da bakin baya, domin haƙarƙarin da aka shafa wa gam yana jan fata ya fito a waje kamar ƙashin dabbar da ta rame. An ba da faifan karkata jirgi na fiffike da na wutsiya a matsayin sassa dabam, da zanen ɗinkin da ke nuna cewa a jirgin gaske da yadi aka rufe su.

Mayafin gindin fiffike shi ne sashen da na fi jin tsoro kafin in kai gare shi, kuma shi ne ya fi burge ni. A jikin Zero wannan mayafi dogo ne, yana farawa siriri a gaba, ya buɗe ya yi kwari mai zurfi a baya, ya ƙare da tsini a jikin gangar, kuma lanƙwasarsa ta ciki ce, kishiyar ta sauran jiki. Masu zane da yawa suna ba da shi a yanki ɗaya su bar mai haɗawa da Allah. Wannan kuwa ya raba shi bisa layukan farantin asali, ya kuma sa 'yan ƙananan haƙarƙari a ƙarƙashi da suke nuna zurfin kwarin a kowane wuri. Idan aka murza kowane yanki ta baya da abu mai zagayayyen kai, aka kuma kankare kaurin takardar a bakinsa da kaifin wuƙa har ya yi siriri, yana kwanciya a wurinsa ba tare da an tilasta shi ba, layukan da aka zana a kansa kuma suna saduwa da na fiffike da na gangar jiki a lokaci guda. Samun wannan daidaito a wurin da sassa uku masu lanƙwasa suka haɗu ba ƙaramin lissafi ba ne, kuma saboda shi kaɗai zan sake sayen aikin wannan mai zane.

Injin, wato Nakajima Sakae 12 mai silinda 14 a jeri biyu na bakwai bakwai, an ba da shi cikakke, kuma shi ne sashen da ya fi cin lokaci. Kowace silinda ana naɗe ta ne daga ziri, a ɗora mata kai, a sa mata sanduna biyu na waya siririya, sannan a maimaita har sau 14, kuma wajibi ne tsayinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba murfin ba zai shiga ba. Gaskiyar magana ita ce bayan an rufe murfi an sa farfela, abin da ake gani bai wuce fuskar jerin gaba ba, don haka wanda ya ɗauki sauƙaƙan madadin bai yi asarar abin a zo a gani ba, sai dai idan yana da niyyar barin murfin a buɗe. Murfin kansa an yi shi da zobba da suke ƙanƙancewa zuwa gaba, kuma zobban leɓe sirara ne ƙwarai, ana haɗa su baki da baki ba tare da ziri ba. Bayan sun bushe, idan aka shafa gam ta ciki aka murza da bayan ƙaramin cokali, kusurwoyin suna narkewa leɓen ya zagaye. Da yake launin baƙi ne, duk wani farin baki da aka manta zai yi ta ihu daga nesa. Kwaruruka biyu na bindiga a sama, da mashaƙar iska a ƙarƙashin leɓe, wadda take bambanta A6M2 da nau'o'in da suka biyo baya, waɗanda aka mayar musu da ita sama, duk suna nan a wurarensu. Farfelar mai ruwa uku ce, ana sa waya a cikin kowane ruwa a ɗan murɗa shi, hular da ke tsakiyarta kuwa an yanka ta kamar furen da ake rufewa, kuma ita kaɗai ce a gaban jirgin mahaɗanta suka ƙi ɓuya sai da aka cike su aka shafa fenti.

Rumfar gilashi ita ce raunin samfurin, kuma ba laifin mai zane ba ne kacokan. Rumfar Zero doguwa ce mai firam da yawa, wadda take ba matuƙi damar gani ta kowane gefe, kuma sashenta na baya yana gangarowa yana lanƙwasa ta fuska biyu. Littafin ya ba da firam ɗin a takarda da zanen da za a bi a yanka roba mai haske, amma shimfiɗaɗɗiyar roba halinta ɗaya da takarda, ba ta karɓar lanƙwasa biyu, don haka sashen baya yana fitowa da kusurwoyi, kuma yankan tagogi fiye da goma a bar firam mai faɗin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba aiki ne da ke tsinkewa a hannu. Mafita ita ce rumfar da aka riga aka ƙera da zafi a kan siffarta, wadda ake sayarwa dabam, sai a yanka firam ɗin ziri ziri a manna a kanta. A ganina abin da samfurin ba zai yi kyau ba sai da shi bai kamata a ce na zaɓi ba ne, ya kamata a haɗa shi cikin kunshin tun farko ko da farashin zai ƙaru. A kula kuma kada a kusanto da gam mai kamawa nan take wurin robar, domin tururinsa yana bar mata farin hazo da ba ya gogewa.

Ƙafafun sauka suna da faɗin tsakani kuma suna naɗewa ciki, kamar na asali, kuma an tanadi zanen wayar da za a lanƙwasa a sa a cikinsu a girmanta na gaske. Tayoyin ana tara da'irorin kwali ne a goge su da samfefa har su zagaye. Samfurin ba shi da nauyi, don haka ƙafafun suna ɗaukarsa lafiya muddin wayar ta shiga cikin ƙashin bayan fiffike, ba a fata kawai ta tsaya ba.

Sai bayanin haɗawa, wanda shi ne babban ƙorafina. Rubutun da harshen Folan yake, tare da taƙaitacciyar fassarar Turanci da ba ta wuce jera lambobin sassa ba, don haka zane-zanen ne kaɗai jagora. Zane-zanen suna da tsabta, amma suna nuna inda sashe yake zama ne, ba sa nuna lokacin da ya kamata a sa shi, kuma a samfurin kwali jerin aiki shi ne rabin aikin. Alal misali, ramukan tayoyi sai an manna su a fatar ƙasa kafin a rufe fiffike, bututun hayaƙi biyu kuma sai an sa su kafin murfin inji ya zauna, amma babu inda aka faɗi haka. Akwai ƙananan sassa da suke da lamba a shafi amma ba su bayyana a kowane zane ba, sai mutum ya koma hotunan jirgin gaske ya gano wurinsu. Alamomin taurari da suke nuna kaurin kwalin da za a manna wa sashe an bayyana su sau ɗaya a cikin rubutun, kuma da yake ma'anarsu tana bambanta daga mawallafi zuwa mawallafi, wanda ya dogara da abin da ya sani daga wani littafin zai iya yin kuskure. Wanda ya haɗa jirage biyu ko uku a baya zai cike waɗannan giɓi da kansa, amma sabon shiga zai tsaya cak, ko ya rufe abin da bai kamata ya rufe ba tukuna. Ga irinsa ya fi kyau ya fara da samfurin da ba shi da cikin mazauni da cikakken inji, ya dawo kan wannan daga baya.

Idan aka kwatanta da samfurin roba mai girma kusan ɗaya, wato na 1:32, littafin ya fi araha nesa ba kusa ba ko da an haɗa da sassan leza da rumfa, kuma ba ya bukatar injin feshin fenti ko tarin kwalabe. Kayan aikinsa wuƙa ce mai kaifi da reza ta canji da yawa, da rular ƙarfe, da ƙaramin almakashi, da matsefata, da allura mai dakusasshen baki ta jan layin naɗi, da farin gam. Abin da ake biya a madadin kuɗi lokaci ne, domin aikin makonni ne ga mai zama kullum, watanni ga mai zama jefi jefi. Yana kuma da wata fa'ida da roba ba ta da ita: bakin bayan fiffike da ƙofofin tayoyi suna fitowa sirara kamar na jirgin da aka yi da farantin alminiyam marar kauri, abin da roba mai kauri take wahalar kwaikwaya.

Akwai zaɓi biyu da littafin ya bar wa mai haɗawa a ƙarshe. Na farko shi ne tankin mai na ƙarƙashin ciki, mai cin lita 330, wanda da shi ne jirgin yake kaiwa tafiyar kusan kilomita 3,000, kuma ina ba da shawarar a sa shi duk da cewa gaɓoɓinsa suna da yawa, domin jirgin da ya tashi daga Akagi zuwa hari da shi ya tashi. Na biyu shi ne bakin fukafukai, a miƙe ko a naɗe. Naɗewar ba ta rage komai a wurin ajiya, tun da santimita ɗaya da rabi ce kacal a kowane gefe a wannan ma'auni, kuma mahaɗar tana da rauni, sai an ƙarfafa ta da waya, amma ita ce alamar da take nuna nau'i na 21 a kallo ɗaya, kuma an zana haƙarƙarin da yake bayyana a wurin da kyau. Ko wanne aka zaɓa, sai a fesa wa samfurin man kariya marar launi mai ɗan sheƙi, a hawa biyu ko uku marasa kauri, bayan an rufe rumfar da takarda don kada feshin ya dusashe ta, sannan a ajiye shi a cikin akwati mai murfi nesa da rana da laima, domin hasken rana yana saurin cin jan tawada, laima kuma tana sassauta fatar fiffike tsakanin haƙarƙari.